Rabin Kinin

Ranar kasuwar Matameye, layin mata ya kai har gindin tsamiyar ɗakin magani. Mai ba da maganin dogo ne mai furfura, farar rigarsa ta sha faci. Daga ɗingishinsa, wataƙila tsohon sojan Faransa ne da ya koyo aikin a wurin yaƙi. Malam Tanko suke ce masa.

Yana girgiza gwangwanin kinin, maganin zazzaɓi, ƙwaya ɗaya ce ke amsawa. Kason da kumandan Nasara mai mulkin garin ya ware ya ƙare ke nan, motar Damagaram mai kawo magani kuma sai wata ya mutu. Ga mata biyu a gabansa, kowace da goyo mai zazzaɓi.

"Malam, tun daga Tsauni na tako," in ji ta gaba.

Ta bayan kuwa sai ta juyo masa fuskar 'yarta.

Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Ya san ko dukanta ba ta isa yaro ɗaya ba. Haka nan ya sa reza ya raba ta biyu.

Matan suna ta sa masa albarka. Shi kuwa ya kasa cewa amin.