Ɗakin Malam Shehu Mai Taya Biyu

Shekara tara ke nan a wannan wata da rasuwar maigidana, Malam Shehu. Har yau ɗan ɗakin da ya ƙera mai taya biyu yana nan a bayan gidanmu a Keffi. Tayoyin sun sace, ciyawa ta cika ƙarƙashinsa.

Malam ma'aikacin gwamnati ne. Ƙarfinsa duk a hanyar Abuja ya ƙare, ya fita da asuba, ya dawo yara sun yi barci. Da ya yi ritaya sai ya koma wa gonarsa ta wajen Agwada, yana so in riƙa binsa. Ni kuwa ciwon gwiwa ya hana ni jeka ka dawo a yini guda, kwanan ƙasa kuma ba zan iya ba.

"To Hajiya," in ji shi, "tunda ba za ki iya barin ɗakinki ba, zan sa wa ɗakin taya."

Na ɗauka wasa yake. Sai ga shi da ƙarfen tayoyin baya na wata matacciyar mota, ya kira mai walda suka ɗora firam a kai. Sauran da hannunsa ya yi. Ya buga katako, ya rufa kwano, ya yanke taga ya sa mata ragar sauro. Ya auna katifa daidai tsawona, ya yi 'yar matakala don kada in wahala wajen hawa. Damina guda yana wannan aiki, maƙwabta suna leƙowa suna kiransa akurkin Malam. Da ya gama aka ga ba zai fita ta zaure ba, sai da aka fasa katanga. Ranar ya fi kowa dariya.

Sau ɗaya muka yi tafiyar. Bayan an cire doya ne, ya ɗaura ɗakin a bayan tsohuwar motarsa, muka tafi a hankali, masu babur suna waiwayenmu. Da safe ya dafa mini shayi a risho, muka zauna a bakin ƙofa muna kallon shanu suna wucewa. Ya ce baɗi sai garin Panda, daga can kuma duk inda mai ya kai mu. Kafin baɗin ta zo, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Daga gadonsa yana hango ɗakin ta taga, yakan tambaye ni da harshen da ya yi nauyi ko ruwa na shiga. Bai ƙara tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonar ta koma daji, don tun da aka ɗauke wani maƙwabcinmu na gona ba wanda ke yarda magariba ta same shi a can. Motar an sayar. Mutum ne mai cewa komai zai gyaru, amma ban san ko zai iya faɗar haka yanzu ba.

Autanmu Nura yana so ya gina ɗakunan haya na ɗalibai a wurin. Na daɗe ina ƙi, bana na amince. Bayan salla 'yan gwangwan za su zo su yanka ƙarfen.

Ƙarfe da katako dama ba su dawwama. Abin da ya rage mini shi ne na zauna da mutumin da ya tsufa bai daina neman yadda zai tafi da ni ba. Labarin kuwa ban tabbata zai wuce ni ba. Kwanan baya na ba jikata Amira, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kaka, a daji kuka kwana? Ba a sace ku ba?"

Na ce ko ƙofa ba mu kulle ba. Ta yi dariya, ta ce in ba ta wata tatsuniyar.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta.