Saƙon da Muka Kai wa Haladu a Kan Keke

Daga Sultana

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Asabar muka fito da kekunanmu, bayan mun idar da sallar Asuba a masallacin unguwa. Gari bai waye ba, ga sanyin Madina mai shiga ƙashi. Mu biyu ne: ni, da nake aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda yake ɗinki a nan unguwar Sultana. Shekara uku ke nan muna hawan keke duk Asabar, tun da likita ya ce masa ciwon sukari ya kama shi. Mun san hanyoyin tsakuwa na bayan gari, inda ba ka haɗuwa da mota sai jefi-jefi. Amma wannan fitar ba ta motsa jiki ba ce.

Ranar Alhamis Yaya Sale ya kira ni daga Gumel. Ƙanensa Haladu abokina ne tun muna firamare, yana kiwon raƙuman wani Balarabe a gabas da Madina, cikin ƙasar baƙaƙen duwatsun nan da ake kira harra, inda waya ba ta shiga. Matar Haladu, Rabi, ta rasu wajen haihuwa, jaririyar kuma tana raye. Sun kira maigidan nasa, ya ce zai gaya masa idan ya kai abinci a ƙarshen wata. Yaya Sale ya ce, "Sabi'u, kai ne namu a can. Kada ka bari ya ji a bakin wanda bai san ta ba." Ranar da muka tashi, kwananta tara a kabari.

Uhudu, ƙarfe shida da rabi

Kilomita biyar ne daga gida. Masu sayar da dabino da tasbaha suna buɗe rumfuna, motocin ziyara ba su fara zuwa ba. Muka tsaya wurin wani Ba'afgane muka sayi gurasar tamis huɗu da wake, riyal tara, sai ganyen shayi da sukari da za mu kai wa Haladu. Alhaji ya ci nasa a tsaye. Ni na gutsura sau biyu na nannaɗe sauran.

"Ci mana," in ji shi. "Tahiyar da nisa."

"Ba ya wucewa, Alhaji."

"To ka shirya abin da za ka hwaɗa mishi?"

Na ce na shirya. Ƙarya nake yi. Tun daren Alhamis nake jera kalmomi suna rushewa.

Bayan filin jirgi

Daga Uhudu muka bi gefen kwalta zuwa gabas, kilomita goma sha huɗu. Wannan shi ne yankin da ba na so, domin manyan motoci suna wucewa da iskar da take neman ture mutum. Ƙarfe bakwai da minti arba'in muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani matashi ya karɓi igamarmu, wato katin zama, ya duba a wayarsa, ya dubi kekunan, ya tambaye mu da Larabci ina za mu. Alhaji ya ce masa harra, wurin ɗan'uwanmu. Ya miƙo katunan, ya ce mu tabbatar muna da ruwa.

Kaɗan gaba muka sauka daga kwalta. Nan take ƙarar motoci ta yanke, sai ƙaraf-ƙaraf na tsakuwa a ƙarƙashin taya. Hanyar ta ratsa tsakanin gonakin dabino. Wasu suna da rai, ana jin injin ban ruwa, wasu kuwa an bar su, bishiyoyin sun bushe a tsaye, kawunansu sun karye. A kwanakin baya nan ne muke sakin birki muna tsere kamar yara. Ranar ba wanda ya wuce wani.

Cikin harra

Ƙarfe tara muka bar gona ta ƙarshe. Wanda bai taɓa ganin harra ba, ya ɗauka an zubar da gawayi daga nan har inda ido ya tsaya. Babu itace sai ƙaya nan da can, babu tsuntsu. Hanyar sawun taya biyu ce da motocin ruwa suka bari, tana hawa tana sauka, duwatsun kuma suna da kaifi. A kilomita na talatin da ɗaya tayata ta baya ta yi faci. Muka zauna muka liƙe, minti ashirin da biyar. Gaskiya na ji daɗin facin nan, domin ya jinkirta mu, kuma na ji kunyar jin daɗin.

A wata mararraba muka rasa hanya, sai ga wani makiyayi ɗan Sudan da tumaki. Muka tambaye shi ɗan Najeriya mai raƙuma. Ya nuna wani tudu da sanda, ya ce a bayansa. Sannan ya tambaya, "Lafiya?" Alhaji ya ce sai alheri. Mutumin ya dube mu ya daɗe, sannan ya kora tumakinsa.

Wurin Haladu, sha ɗaya da minti biyar

Kilomita arba'in da uku daga Sultana. Tanti ɗaya, tankin ruwa, shingen waya, raƙuma ashirin da bakwai. Haladu ya hango mu daga nesa ya tsaya ya sa hannu a goshi. Da ya gane ni sai ya yar da bokitin hannunsa ya taho a guje.

"Sabi'u! Kai ne? A keke? Wallahi kai mahaukaci ne!"

Ya rungume ni yana dariya, ya gaida Alhaji har ƙasa. Ya rame, ya yi baƙi, gemunsa ya fara fari. Ya ce wata huɗu rabon da ya yi Hausa da mutum, sai dai da raƙuma, su kuma ba sa amsawa. Ya shimfiɗa mana buhu, ya hura wuta ya ɗora shayi, ya tatso madara mai kumfa a kwano. Bakinsa bai tsaya ba: wace ce mai cizo a cikin raƙuman, wace ce ta haihu, yadda ya hau tudu sau shida a watan nan yana neman layin waya bai samu ba. Ni kuwa ina riƙe da kwano ina kallon ƙasa.

Sai ya ce, "Kun yi waya da gida? Lissafina Rabi ta isa haihuwa."

Na ce, "Ta haihu. Mace."

Ya miƙe tsaye. "Alhamdulillahi! Mace! Dama ita take so. Ai na sani ba banza kuka sha wannan hanya ba." Ya shiga tanti ya fito da leda, a ciki akwai atamfa da ƙananan riguna biyu da ya sa direban motar ruwa ya sayo masa. Ya ce in samu mai tafiya gida in ba shi.

Alhaji ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ajiye kofinsa.

"Malam Haladu, zamna," in ji shi. Haladu ya zauna. Alhaji ya kama hannunsa. "Kai musulmi ne. Ɗiyarka tana lahiya. Uwar ce Allah ya karɓi abinsa. Yau kwana tara."

Haladu ya dube ni, yana jira in ce ba haka ba ne. Na ce, "Sai haƙuri, Haladu." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, bayan kilomita arba'in da uku.

Ya yi salati, ya maimaita innalillahi sau uku a hankali. Bai yi kuka ba. Ya tambaya ko ta sha wuya, na ce ban sani ba. Ya tambaya wa ya yi mata salla, wa ke shayar da yarinyar, wane suna aka sa mata. Na ce ƙanwar marigayiyar ce ta ɗauke ta, sunan uwar aka mayar mata. Ya gyaɗa kai. Can sai raƙuman suka fara kuka a bakin tanki, ya tashi ya je ya buɗe musu ruwa. Ya daɗe a can, ya ba mu baya.

Bayan Azahar na ce ya biyo mu, ko a bayan kekena ne. Ya ce wa zai bar wa dabbobi? Kuma ko ya shiga gari, ba zai fita ƙasar ba sai maigida ya yi masa takardar fita. Ya karɓi wayata ya naɗi saƙon murya ga Yaya Sale, ya ce in tura idan na samu layi. Daga ledar kuma ya cire atamfar ya mayar tanti, ya ba ni rigunan.

Komowa

Ƙarfe biyu da kwata muka juyo. Ya raka mu har kan tudu. Na waiwaya sau biyu yana tsaye, na uku ban iya ba. Iska tana gabanmu duk tsawon harra, ƙafafun Alhaji suka riƙe, muka riƙa tura kekunan a wuraren hawa. A gonar farko layi ya dawo, na tura saƙon, kuma na saurara ko da yake bai ce in saurara ba. Ya gaida yayansa, ya gode wa waɗanda suka yi sutura, ya ce a yafe masa rashin zuwa. Daga nan shiru, sai iska, har saƙon ya ƙare.

Mun yi Magariba a wani masallaci kusa da Uhudu, muka iso Sultana ƙarfe bakwai saura minti goma, ƙura har gira.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Isuhu, wanda ya faɗi abin da aka aike ni in faɗa. Ku kuma da kuke gida, duk wanda ya san gidan su Haladu, don Allah ya shiga ya yi gaisuwa, ya ɗauki yarinyar nan ko na minti ɗaya ne. Ubanta yana can yana zaman makoki, babu mai shigowa ya ce masa yaya haƙuri.