Laka a Ƙafar Shamuwa

A gidanmu na Tamawa, in an idar da sallar isha, Kaka kan tura karan dawa cikin murhu mu kewaye ta. Ni ke gadin tartsatsi kada ya faɗa kan tabarma, shi ya sa take ce mini "Maigida sarkin fargaba." Ƙanwata Hadiza kuwa a gwiwarta take liƙewa.

Akwai tatsuniyar da Kaka ba ta gajiya da ita. Wai wata shekara ruwa ya ƙi sauka, tsuntsaye suka aiki hankaka da shamuwa su gano inda ya tsaya. Hankaka ya sauka a kan wata kuka, ya ji hirar matafiya, ya juyo yana cika baki. Shamuwa ta daɗe har aka fid da rai. Can sai ga ta ta dawo. Ƙafarta kawai ta ɗaga, ga ɗanyar laka.

"Kaka, ke kin ga lakar?" in ji Hadiza.

Na zungure ta, kada Kaka ta yi fushi.

Kaka ta yi dariya. "Ƙyale ta, Maigida. Ke uwar tambaya, ni ji na yi. In kin girma ki je ki gano mana."

Hadiza kuwa ta tafi. Ni na tsaya a firamare na kama awon hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, ita ta zama wakiliyar gidan rediyo a ƙasashen waje. Shekarar da aka tura ta inda ake yaƙi, wayarta ta daina shiga. Abinci ya ƙi ciwuwa. A kasuwa kowa da nasa: wannan ya ce an rufe iyaka, wancan ya ce ana kame 'yan jarida. In na auna gero sai na juye na sake aunawa.

Rannan da hantsi rediyon rumfata ya ce ga rahoto. Sai ga muryarta a dishe: "Ina tsaye bakin gadar da ta karye, ga mata nan suna ƙetare ruwa da goyo."

Na saki mudu. "Jama'a, tamu ce! Hadizarmu ce!"

Maƙwabcina Alhaji Sani ya ce, "To Malam, yau dai a tausaya wa tuwo a ci shi."

Bana ta zo gida da littafin da ta rubuta kan tafiye-tafiyenta. Kafin in karɓa, ƙafarta na fara kallo.

"Yaya, laka kake nema?"

Da ina yaro na zaci tatsuniyar ta shamuwa ce kaɗai. Ashe mu masu jira ma muna ciki, kuma aikinmu kada mu saurari hankaka. Na kusa yarda da hankakan kasuwa, amma shamuwarmu ta dawo da lakarta.