Dalmar da Na Zuba a Kumatu

Wata bakwai ban rubuta ko harafi a shafin nan ba. Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce an kama ni. Akwai ma wanda ya kai wa matata labari har Katsina cewa na yi aure a nan. Sannunku da aiki. Hannuna na dama ne ya mutu.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni, shekara tara a Alƙahira, ina ɗinki da aikin wuya na hannu. Da hannun nan nake ciyar da 'ya'ya huɗu a gida.

Maƙwabcina a unguwar Ard al-Liwa, Ammu Fathi, tsohon makanike, shi ya koya mini harbi da bindigar iska. Juma'a bayan la'asar mu hau saman bene mu jera gwangwanaye. Da harsashin kanti ya yi tsada sai ya ce, "Ya Sabo, da hannunmu za mu je saye? Abin kunya." Ya kawo guntayen dalma daga gareji, ya ara mini abin zubi. Na koma narka dalma a kicin, kan butagaz, murhun gas ɗin da nake dafa shayi.

Taga kuma a rufe ruf. Baƙo ne ni, iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, gari cike da shingayen bincike, ga bawwab ɗinmu, mai gadin bene, ko tari ka yi sai ya kai rahoto. Na ji tsoron bawwab, ban ji tsoron hayaƙi ba.

Babbar wautar na gaba. Wai maharbi na gaske a baki yake ajiye harsashi, don kada ya tsaya lalube a aljihu. Biyar-biyar nake zubawa a kumatu kamar gyaɗa. Ni, da furfurata.

Ciki ya fara. Kwana huɗu babu bayan gida, sai murɗa kamar ana matse wanki. Bakina ɗanɗanon ƙarfe. Fushi babu dalili, har matata a waya ta ce, "Malam, kai ne kuwa?"

Wata safiya na ɗauki almakashi ya suɓuce. Na sake ɗauka ya suɓuce. Wuyan hannun ya lanƙwashe yana reto, na ce ya miƙe ya ƙi.

Nan masana suka fito. Ustaz Nura, ɗalibin da ya shekara goma sha ɗaya bai gama digiri ɗaya ba, ya dubi hannun ya ce, "Khalas, wannan aikin abokan sana'a ne, jifa ce." Ya kawo ruwan tofi jarka guda. Wani ya ce basir. Wani ya ce hakkin iyali ne. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi warin me ke tashi a kicin ɗina.

Sai dai kada na zalunce su, ni ma ban faɗa ba. Asibiti biyu na je aka tambaye ni aikina, na ce ɗinki, na ja bakina. Aka yi hoton ciki, aka ce jini ya yi ƙasa, aka ba ni maganin ulsa. Wata biyu na ɓatar da ƙarya.

A asibiti na uku wata tsohuwar likita ta ɗaga leɓena da tsinke, ta ga wani layi shuɗi-shuɗi a dasashi.

"Me kake narkawa a gida?"

"Babu komai."

"Ya Hajj, ni ba 'yar sanda ba ce. Ka faɗa, ko ka tafi da hannunka haka."

Na faɗa. Ta ajiye biro ta ce, "A baki? Kamar alewa?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Gwajin dalma a jini sai a wani wuri daban, gine ɗari uku na kuɗin Masar, jiran kwana shida. Da ya fito aka kwantar da ni. Ƙarin ruwa kwana biyar da maganin da ke janyo dalma ta fitsari, a huta, a sake. Kullum a auna ƙoda. Daga baya ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Keken ɗinkina na biyu na sayar a kasuwar Ataba na biya.

Na tambaye ta hannun zai dawo? Ta ce, "Jijiya ba ta sauri. Wataƙila." Da wannan wataƙila na yi wata huɗu ina zuwa gashin ƙashi, an ɗaure hannun da filanki, ina matsa ƙwallon roba kamar jariri.

Ammu Fathi ya zo da lemo, yana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri, jikinku ne ba ƙwari. Ni shekara arba'in ina yi." Yana faɗa hannunsa na rawa, har yau kuma ya ƙi gwaji. Amma shi ya goya ni daga hawa na biyar ranar da na kasa tashi, shi ya yi jinyata. Ina jin haushinsa, ina kuma gode masa.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan, da matata da ta riƙe gida ba ta taɓa yi mini gori ba. Masu ɗaukar labari kuma Allah Ya ba ku sana'a.

Kai da ke narka dalma, ta harbi ce ko ta komar kamun kifi, kada ka yi a ɗaki, kada ka yi inda ake girki, balle kusa da yara. Kada ta shiga bakinka. Wanke hannu kafin ka ci. Ciki ya ɗaure ko hannu ya fara sanyi, nemi gwajin dalma da sunansa. Likita ya tambaye ka, faɗi gaskiya ranar farko.

Shekaranjiya na gama wuyan riga na farko. Aikin kwana biyu ya ci mini goma sha ɗaya, ya kuma ɗan karkace. Ta Ustaz Nura ce. Ya juya ta ya ce, "Ka ga aikin ruwan nan ko?"

Na miƙa hannun dama na karɓi kuɗina.