Ƙasar da Baba ke Taunawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, amma har yau in na ga magini sai in tsaya in ga ko zai sa ƙasa a baki. Shi haka yake yi. Kafin ya kwaɓa ƙasar tubali sai ya ɗan tauna. In ta yi ƙaras-ƙaras, yashi ne. In ta manne a haƙori, yumɓu ne. Wadda ya fi so ita ce ta bayan gidanmu a Samaru, mai laushi kamar garin tuwo, ba tsakuwa ko ɗaya. Bangon ramin da ya haƙa can ya miƙe sak, kamar an yanka da wuƙa. Yakan ce, "Wannan ƙasar ba ta faɗuwa."

Ni ban karanci ƙasa a makaranta ba, a waya na yi ta tono. Ashe iska ce ta kawo ta. Tun zamanin da ƙanƙara ta rufe wasu sassan duniya, nan kuma fari ya yi tsanani, iska ta riƙa kwaso ta daga arewa tana shimfiɗawa. Masana ma sun raba ta: akwai wadda ke nan inda iska ta aje ta, akwai wadda ruwa ya sake kwashewa ya cakuɗa da yashi. Na so a ce Baba na nan in karanta masa. Sai na kai inda aka ce: a bushe take tsayawa, in ta ƙoshi da ruwa sai ta zube lokaci guda, ba sallama.

A zamanin Baba ciyawa ce a saman ramin. Yanzu maƙwabta sun yi gini, ruwan kwanonsu duk nan yake sauka, masu tifa kuma na ƙwaƙular gindin. Ɗakin Mama ne a bakin ramin.

Yayata Hannatu ta share mata ɗaki a gidanta na unguwar Muchia don ta koma can. Na zauna na yi wa Mama bayani.

"Kai da wayarka," in ji ta. "Babanka da bakinsa ya ce ba ta faɗuwa. Ka fi shi ne?"

"Mama, bai ga wannan ruwan ba."

"To je ka gaya masa."

Na san da yana nan ba zai tsaya gardama ba, sauka zai yi ya tauna. Jiya bayan yayyafi na sauka ramin, na ɗebo ƙasar na sa a baki. Kafin ta kai haƙorina ta narke a harshe.

Abu biyu ya bar mana. Mama ta riƙe maganarsa, ni na riƙe taunawar. Yanzu haka hadari ya haɗu gabas, Mama kuma na ciki tana tsince wake.