Adireshi Uku da Abu Yazan Ya Tafi da Su

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Nizar Ubaidat, wanda muke kira Abu Yazan, a birnin Irbid, bayan jinyar mako uku.

Abu Yazan, shekara tara teburina yana kallon naka. Kai ka koya mini aikin na'urorin da ke sarrafa famfunan rijiyoyi a ƙauyukan Mafraq. Tsohuwar manhajar da ke cikinsu ba ta goguwa, kamfanin da ya rubuta ta ya rushe, rubutun asali ya ɓace. Duk gyaran da za mu ɗora mata, dole linka, wato manhajar da ke ɗinke guntayen aikinmu, ta ɗauko adireshin kowane sashe na tsohuwar kawai, wato lambar wurin da yake zaune a cikin na'urar, ta bar abin da ke ciki. Ka rubuta gwaji ɗari da sha biyu don tabbatar da haka. Abin da ke zaune a kowane adireshi kuwa, a cikin kanka kaɗai yake, ba a rubuce ba.

Ban taɓa jin tsawarka ba. Ranar da na goge gwaji huɗu don ba su taɓa nuna matsala ba, shayi ka ajiye mini, ka ce, "Lujain 'yata, don mai gadi bai taɓa kama ɓarawo ba sai ki sallame shi? Mayar da su kafin shayin ya huce."

Kana kwance muka sabunta linka, gwaji uku na adireshi uku suka ƙi wucewa, ita kuma tsohuwar linkar ba ta karɓar sabon gyaran. Na kai maka kwamfuta asibiti. Ka duba, ka yi murmushi, ka ce, "Waɗannan ukun tsofaffin 'yan rigima ne, na san halinsu. Kada ku tura komai, ranar Lahadi ina tafe." Na ji nauyin takura wa marar lafiya, na rufe kwamfuta, ban ce ka faɗa in rubuta ba. Wannan nauyin shi ke cina har yau.

Yanzu famfuna sha ɗaya sun tsaya suna jiran gyaran. In mun tura shi a makance, yana iya kashe sauran. Kwana tara muna lalube, kuma gaskiya ba na jin za mu gane.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Ummu Yazan, da 'ya'yanka Yazan da Dima. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Su kuma mutanen ƙauyukan nan da ba su taɓa jin sunanka ba, Allah Ya ba su haƙuri, domin kullum suna bugowa su tambayi ranar da ruwa zai dawo, ni kuma ba ni da ranar da zan faɗa musu.