Dawar da Shehin Kafintoci Ya Ce

Babana kafinta ne a unguwar Jarwal ta Makka, gadajen igiya yake yi wa masu saukar da alhazai. A lokacin ba kamfanin da ke ɗaukar wa mai sana'a asara. In yaron da ke koyon aiki a hannunka ya ji ciwo, kai ne uwarsa kai ne ubansa har ya warke.

Ana saura kaɗan aikin hajji, zarto ya yanki wani saurayi da ke koyo a shagonmu, a babban yatsa. Shehin kafintoci, wato shugabansu, wani Balarabe mai faɗa, ya ce in yatsan nan ya lalace, Baba ya gama ɗaukar yaro a Makka. Baba kuwa ba zai iya aikin gadajen alhazai shi kaɗai ba.

Ya kawo shi gida, yana sauri yana cakuɗa harsuna kamar kullum, ya ce wa Inna, "Shehi ya ce cinsa da dawa suna wuyanmu, safe da yamma."

Dawa da Larabci magani ne. Inna kuwa da girmanta ta iso ta Sudan, dawa ɗaya ta sani, wadda ake tuwo da ita. Ta ce lallai Balaraben nan ya san abin da ke gina jiki. Ta yafa mayafi, ta nemo ta da tsadarta wajen masu hatsi. Safe kunu, yamma tuwo da miyar kuka. Yatsan kuma tana wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, wannan ba ta ma lissafa shi a magani.

Shi mai ciwon a nan aka haife shi, yana jin harsunan biyu sarai, amma bai gyara mata ba. Sai ya langaɓe ya ce, "Inna, yau dawar ba ta kai yatsa ba, a wuya ta tsaya." Ta ƙara masa malmala.

Baba ya ɗauka kewar gida ce ta kama ta.

Ran da shehi ya zo dubawa, ina bayan labule. Ya tambayi Inna wane hakim, wato likita, ya ba da dawar. Baba ya fassara.

Ta ce, "Wane likita kuma? Ni na daka da hannuna."

Ta ɗauko turmi ta nuna. Baba ya dafe kai. Shehi ya kwance tsumman da kansa, ya murza yatsan, ya tarar ya daɗe da haɗewa. Ya dubi kumatun saurayin, ya yi dariya har da tari, ya ce gobe ya koma shago.

Baba ya ce, "Da asibiti kika kai shi, da an fi samun sauƙi."

Inna ta ce, "Malam, ya warke ko bai warke ba?"

Gadaje sun fita a kan kari. Tun daga ranar, ko ƙaya ce ta soki yaron shago, sai ka gan shi a ƙofarmu ya ɗaga yatsa sama yana sallama.